HOTON DA KE BANGON ZAURE: YADDA ZA MU GANE BINDIGOGI DA JIRAGEN YAƘI A TSOFAFFIN HOTUNAN IYAYENMU

Jawabin da kwamitin tarihi na ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara



Gabatarwa

Da farko muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba kwamitin tarihi damar tsayawa a gabanku yau. Mun san a irin wannan taro an fi sabawa da jawabi a kan rijiyar burtsatse da gyaran asibiti da tallafin ɗalibai, to ga shi mu mun zo da maganar tsofaffin hotuna. Muna roƙon ku yi haƙuri ku saurare mu, domin abin da za mu faɗa ya shafi gidaje masu yawa a garin nan.

Lokacin da aka ɗora mana aikin tattara hotunan mutanen garinmu da suka yi aikin soja, mun zaci abu ne mai sauƙi. Sai wata rana muka shiga wani gida, aka sauko mana da wani hoto daga bangon zaure, na wani saurayi cikin kaki, ya rungume bindiga. Samarin gidan suka ce ai kakansu ne a yaƙin Bama, haka suka tashi suka ji ana faɗa. Da muka duba da kyau, sai muka ga bindigar nan tana da mariƙi a bayan kunama irin na ƙaramar bindiga, da miƙaƙƙen gidan harsashi mai tsawo a ƙasa. Wannan ita ce bindigar da ake kira FN, wadda ba a fara ƙera ta a ƙasar Beljiyam ba sai a 1953, shekara takwas bayan an gama yaƙin Bama. Muka nemi izini aka kai hoton cikin gida wurin wata tsohuwa. Ta kai shi kusa da idonta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ai ba Malam ba ne. Ƙanensa ne, autan gidan, wanda ya tafi yaƙin basasa bai komo ba."

Jama'a, shekara da shekaru ana duban fuskar wannan bawan Allah ana kiran sunan wani. Bai bar ɗa ba, ba a san kabarinsa ba, hoton nan kaɗai ya rage masa a duniya, shi ma an ba wansa. Da tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya kafin ranar, da shi ke nan. Wannan shi ya sa muka zaɓi wannan batu. Bindiga da jirgi da kayan sarki da ke cikin hoto suna iya gaya mana zamani da wuri, amma sunan mai fuskar sai dattijo. Aikinmu shi ne mu haɗa biyun tun da sauran lokaci.

Zamanan Da Hotunan Suka Fito

Kafin mu shiga bayanin makamai, ya kamata mu san yaƙe-yaƙen da mutanenmu suka halarta. A 1897 ne Turawan Ingila suka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar da ta zama ta Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a barikokinta na Nijeriya. Sojojinta ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da Banyo da Dutsen Mora, daga nan aka kai wasu Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, sun kori Italiya daga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka kutsa cikin Habasha. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga Bama suka kara da Japan har 1945. Bayan samun mulkin kai an tura sojojinmu Kwango daga 1960 zuwa 1964, sannan aka yi yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970.

Ku da ke zaune a birane kuna wuce alamun wannan tarihi kullum. Barikin Arakan da na Myohaung da na Dodan a Legas, da barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Letmauk a Ibadan, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama. Barikin Mogadishu a Abuja yana tuna yaƙin Italiya. Barikin Chindit a Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da aka sauke ta jiragen sama a bayan dagar Japan a 1944, wadda bataliyoyi uku na Nijeriya suke cikinta.

Ƙa'ida Guda Da Za A Riƙe

Akwai ƙa'ida ɗaya da muke so kowa ya tafi da ita gida. Makami yana faɗin lokacin da hoto ba zai riga shi ba, amma ba ya faɗin iyakar lokacin. Wato in ka ga bindigar da aka fara ƙerawa a 1953, to ka tabbata hoton bai riga 1953 ba. Amma in ka ga bindigar 1907, kada ka yi saurin cewa hoton na yaƙin farko ne, domin bindiga tana daɗewa a hannun gwamnati, ta tashi daga hannun soja ta koma hannun ɗan sanda, ta yi shekara sittin tana aiki. Saboda haka a cikin hoto abin da ya fi kome sabunta shi ake bi, shi ne alƙali.

Bindigogin Zamanin Turawa

Bindigar da ta fi yawa a hotunan iyayenmu ita ce Lee-Enfield ta Ingila. Tana cin harsashi goma, ana ɗana ta da hannu ta hanyar jan wata sakata da ke gefen dama, kuma gidan harsashinta gajere ne, yana leƙowa kaɗan a gaban kunama. Iri uku ne ya kamata mu bambance.

Ta farko ita ce samfurin 1907. Alamarta ita ce katako ya rufe ta har baki, aka sa mata hular ƙarfe a can ƙarshe, sai ka ga bakin nata a dakushe kamar an datse shi. Abin saitinta yana tsakiyar bindiga. Banatinta, wato wuƙar da ake ɗaura wa bakin bindiga, doguwa ce kamar ƙaramin takobi, ruwanta inci 17. An yi yaƙin farko da ita, an kuma yi na biyu, har a Bama, domin masana'antar Ishapore ta Indiya ta ci gaba da ƙera ta.

Ta biyu ita ce mai lamba 4, wadda aka fara rabawa a 1941, wadda kuma tsofaffin soja da 'yan sanda suke kira Mak 4. Ita bakinta na ƙarfe ya zarce katako da 'yan inci kaɗan, abin saitin ya koma baya kusa da idon mai harbi, banatinta kuwa ba wuƙa ba ce, wani ɗan tsinken ƙarfe ne kamar babbar ƙusa. Duk hoton da ka ga wannan a ciki, to ka cire yaƙin Kamaru daga lissafi.

Ta uku ita ce mai lamba 5, ta 1944, gajeriya mara nauyi da aka yi don yaƙin kurmi. Bakinta yana da wani abu kamar mazurari. Ba ta da yawa a hotuna, amma in ta bayyana, hoton na ƙarshen yaƙin ne ko bayansa.

Sai kuma masu aman wuta. In ka ga bindiga mai ƙafa biyu a gaba, da lanƙwasasshen gidan harsashi a samanta yana kallon sama, wannan Bren ce, tana cin harsashi 30, kuma ba ta shiga hannun sojan Ingila ba sai dab da yaƙi na biyu. Wadda ta gabace ta ita ce Lewis, mai kaurin baki kamar bututu, da gidan harsashi mai kama da faifai kwance a bisa. In kuwa ka ga wata 'yar ƙarama kamar an harhaɗa guntayen famfo, gidan harsashinta ya fito ta gefen hagu a kwance, to Sten ce, ta 1941. A mafi tsufan hotuna, na wajen 1903, za a ga wata babba bisa ƙafa uku, mai kaurin ciki saboda ruwan da ake zuba mata don ta huce, ana shigar mata da harsashi jere a ɗamara. Ita ce Maxim, wadda dawakin Kano da na Sakkwato suka gamu da ita.

Wani lokaci za a ga soja riƙe da bindigar da ba ta cikin waɗannan, ko takobi mai dogon mariƙi, ko farar tuta mai jan da'ira a tsakiya. Wannan yawanci ganima ce daga hannun sojan Japan, kuma shaida ce mai ƙarfi cewa a Bama aka ɗauki hoton. Haka kuma gidajen da ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa za su iya samun hoton wanda ya yi wa Faransa soja. Bindigoginsu daban ne. Lebel da Berthier dogaye ne sirara, banatinsu kamar tsinke mai tsawo, ita kuwa MAS 36 gajeriya ce, hannun sakatarta ya karkata gaba. Kada mu manta kuma da cewa mutum ɗaya yana iya riƙe bindigar ƙasa biyu. Shahararren samanja Chari Maigumeri ya fara ne da yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya je Habasha da Bama, ya yi ritaya a 1953. Yau akwai bariki mai sunansa a Lakwaja.

Bindigogin Bayan Mulkin Kai

Daga zamanin Kwango zuwa yaƙin basasa, siffar bindiga ta sauya baki ɗaya. Sababbin suna ɗana kansu, suna da mariƙi a bayan kunama, gidan harsashinsu kuma dogo ne. FN doguwa ce siririya, gidan harsashinta miƙaƙƙe mai cin 20, tana da wani ɗan hannu na ɗauka a tsakiya. G3 ta Jamus ta yi kama da ita, sai dai abin saitinta na baya kamar ɗan ganga yake, na gaba kuma zobe ne. AK 47 ta Rasha kowa ya san ta, gajeriya mai gidan harsashi lanƙwasasshe kamar ayaba. A nan ne ake yawan kuskure, domin Bren ma nata a lanƙwashe yake. Bambancin shi ne na Bren a sama yake, na AK a ƙasa. To amma ku tuna da ƙa'idarmu: an yi yaƙin basasa da Mak 4 da Bren da Sten a ɓangarorin biyu, don haka ganinsu kaɗai bai isa a ce Bama ba ne.

Kayan Sarki Da Lambobi

Idan bindiga ta bar mu cikin shakka, sai mu koma ga tufafi. Jar dara mai tuntu, da 'yar shara mai ado, da jar ɗamara, da gajeren wando, da naɗin ƙwauri, su ne kayan faretin rundunar Afirka ta Yamma, kuma a tsofaffin hotuna sau da yawa ƙafa ba takalmi. Alamar rundunar bishiyar kwakwa ce. A Bama kuwa malafa mai faɗin baki suke sawa, wadda akan naɗe gefenta ɗaya, da kaki mai duhu na shiga kurmi.

Ku duba kafaɗa da kyau. Runduna ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizo namu na Ƙoƙi. Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Wannan gammo yana da dalili. A cikin rundunonin nan akwai dubban sojoji da aikinsu shi ne ɗaukar kaya a ka: harsashi, da abinci, da sassan igwa, da masu rauni, a kan duwatsun da mota ba ta hawa. Yawancinsu adda kawai suke riƙe da ita. Saboda haka in ka ga hoton kakanka a Bama ba bindiga a hannunsa, kada ka ji ƙanƙanci, kada kuma ka ce ba soja ba ne. Da wuyan irinsu aka ratsa kwarin Kaladan, har aka ci Myohaung a Janairu 1945.

Lambobin yabo su ma suna magana. Tauraron Afirka da tauraron Bama kowannensu tsini shida gare shi, ƙyallen na Afirka ruwan ƙasa ne mai jan layi a tsakiya, na Bama kuwa ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Amma waɗannan lambobi bayan yaƙi aka raba su. In ka ga mutum da su jere a ƙirji, to hoton na bayan dawowa ne, wataƙila ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda da ake yi ran 11 ga Nuwamba, yanzu kuwa ran 15 ga Janairu.

Jiragen Sama

Wani zai ce ina ruwan mutanen garinmu da jirgin yaƙi? Da ruwansu ƙwarai. Jiragen farko da suka zo ƙasar nan sun iso Kano ne ran 1 ga Nuwamba 1925, guda uku, na sojan saman Ingila, daga Masar. Samfurin DH 9A ne, mai fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi, matuƙin kuma kansa a waje. Duk jirgin da ka ga yana da wannan siffa a hoton Kano ko Maiduguri, to mai yiwuwa na kafin yaƙi na biyu ne.

A 1940 Italiya ta shiga yaƙi, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen sama a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso su bi ta Legas, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, da Janaina da Fashir da Kartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Muhimmancinta ya kai har wani jirgin Jamus ya ratso Sahara ya jefa bom a filin Fort Lamy a Janairu 1942. Mutanenmu da yawa sun yi lebura, da gadi, da dakon mai, da tuƙin mota, da kuku a waɗannan filaye, kuma wasunsu sun ɗauki hoto a gindin jirgi.

Ga yadda za a bambance su. A fara ƙirga injuna, a duba ko da farfela ko babu, sannan a duba fiffike da wutsiya. Cikin masu inji ɗaya, Hurricane yana da ɗan doro a bayan matuƙi, da wani akwatin shan iska a ƙarƙashin cikinsa, ƙafafunsa a ware suke, suna naɗewa ciki. Spitfire siriri ne, fukafukansa masu zagaye kamar ganye, ƙafafunsa a matse, suna naɗewa waje. Mutane sun fi sanin sunan Spitfire, shi ya sa kowane jirgi mai inji ɗaya sai a ce shi ne, alhali kama da wane ba wane ba ce. Sunan ya shahara a nan ne saboda kuɗin taimakon yaƙi da aka tara a lardunan ƙasar nan don sayen jirage, har aka sa wa wani rukunin sojan saman Ingila, mai lamba 91, sunan Nijeriya. Akwai kuma Kittyhawk na Amurka, mai babban maƙoshi a ƙarƙashin hanci, wanda wasu rukunoni suke zana wa haƙoran kifi.

Cikin masu inji biyu, Blenheim yana da hancin gilashi, kuma shi ne yakan ja ayarin ƙananan jirage a hanyar Takoradi. Dakota kuwa jirgin kaya ne, mai jerin tagogi a gefe da babbar ƙofa a baya ta hagu, in ya tsaya sai hancinsa ya ɗaga sama wutsiya ta zauna. Duk tsohon sojan Bama ya san Dakota, domin a Kaladan ba hanyar mota, shi yake sako musu abinci da harsashi da laima. Amma shi ma ya daɗe yana aiki bayan yaƙi, har da jigilar fasinja, saboda haka sai an duba alamar da ke jikinsa.

Alamar jikin jirgi ita ce ta fi kome saurin ba da shekara. Ta Ingila da'ira ce, shuɗi a waje, ja a tsakiya. Ta Faransa akasin haka ce, ja a waje, shuɗi a tsakiya. A fagen Indiya da Bama, daga 1943 aka cire jan nan daga jiragen Ingila don kada a ɗauke su na Japan ne, sai alamar ta zama ƙarama, mai duhu a waje da haske a tsakiya. Ta Amurka farin tauraro ne. In akwai ɗigo a tsakiyar tauraron, hoton bai wuce watan Mayu 1942 ba. In kuwa tauraron yana da fararen sanduna hagu da dama, to daga tsakiyar 1943 ne zuwa gaba.

Rundunar sojan saman Nijeriya an kafa ta a 1964, ta fara da ƙananan jirage masu farfela a Kaduna, da taimakon Jamus ta Yamma. Jiragen yaƙi marasa farfela sun iso Kano a watan Agusta 1967. MiG 17 hancinsa a buɗe yake kamar baki, fukafukansa sun koma baya. L 29 fukafukansa a miƙe suke, mutum biyu yake ɗauka gaba da baya, ƙaramin fiffiken wutsiyarsa yana can ƙololuwa. Il 28 mai jefa bom yana da inji biyu a ƙarƙashin fukafukai da hancin gilashi. Alamarsu kore da fari da kore. Wanda duk aka ɗauka a gindin ɗayan waɗannan, to maganar Bama ta ƙare.

Inda Ake Yin Tuntuɓe

Akwai abubuwa huɗu da ke ruɗar mai duba hoto. Na farko, wani lokaci mai wanke hoto yakan juya shi, dama ta koma hagu. In ka ga sakatar Lee-Enfield a hagu, ko lambobin yabo a ƙirjin dama, ko rubutu a birkice, to a juye yake. Na biyu, hoton ɗakin mai hoto: labulen da ke baya zane ne, jirgin da ke jikinsa zane ne, kayan da aka riƙe ma wani lokaci na aro ne. Na uku, ba duk hoton da soja ya dawo da shi ne nasa ba, domin abokan bariki sukan yi musanya don tunawa da juna. Na huɗu kuwa na zamaninmu ne. Yaranmu suna sa tsohon hoto a manhajar waya ta gyara shi ta sa masa launi. Irin waɗannan manhajoji cikawa suke yi da ƙiyasi, sai su sauya launin ƙyallen lamba, su goge gizo-gizon kafaɗa, har su gyara wa mutum hanci. A yi don sha'awa in ana so, amma a adana na asali yadda yake.

Abin Da Muke Roƙo

Wanda yake da shekara 20 a 1945 yau ya haura ɗari. Wanda yake da 20 a 1967 ya doshi tamanin. Matansu da ƙannensu da suka san fuskokin nan su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa mazauna birane abubuwa kaɗan.

Kafin ku koma bakin aiki, ku sauko da hoton nan, ku kai wa wanda ya fi kowa tsufa a gida, mace ko namiji. Kada ku ce masa, "Wannan wane ne ko?" domin zai iya amsawa don kara. Ku ce, "Baba, wa ke nan?" ko "Inna, kin gane shi?" sannan ku yi shiru, ku naɗi amsar a waya. Ku rubuta sunan mutumin, da na mahaifinsa, da unguwa, da sunan wanda ya shaida, a bayan hoton da fensir, ban da biro, don tawada tana cin takarda. Ku ɗauki hoton gaba da baya a cikin inuwa mai haske, domin sau da yawa hatimin mai hoto da sunan gari suna baya. Kada a liƙe shi da roba mai zafi, kada a bar shi a bangon da rana ke duka ko damina ke jiƙawa. In akwai takardar sallama daga soja, ku kula da lambar da ke kanta, ita ce mabuɗin kowane bincike.

Wanda yake son zurfafawa, akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Umuahia inda aka ajiye makamai da jiragen yaƙin basasa. Gidan tarihin yaƙi na Landan ya sa hotunan rundunonin 81 da 82 a intanet. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ita ma ta sa sunayen waɗanda suka rasu, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai da aka rubuta sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Sai dai Turawa sun rubuta sunayen yadda kunnensu ya ji, sau da yawa kuma sunan gari ne a madadin na uba, don haka sai an yi haƙuri wajen nema.

Kammalawa

Jama'a, ba mu kawo wannan bayani don sha'awar makami ba. Waɗanda suka riƙe bindigogin nan sun fi kowa sanin sharrinsu, shi ya sa da yawansu suka dawo suka kama noma da gadi da tuƙi, suka yi shiru har suka koma ga Mahaliccinsu. Wasu da son ransu suka tafi, wasu talauci ya tura su, wasu kuwa sunansu aka bayar. Ko ta yaya suka tafi, 'ya'yan garin nan ne, kuma mafi ƙarancin haƙƙinsu a kanmu shi ne a kira kowa da sunansa.

Hoton nan da muka fara da labarinsa ya koma bangon zaure, an rubuta sunan mai shi a baya. Samarin gidan kuma sun shiga neman hoton kakansu na gaskiya, wanda ya je Bama. Kwamitin tarihi zai zauna a ofishin ƙungiya har ƙarshen hutun nan, kuma duk wanda ya kawo hoto za mu duba shi tare, mu ɗauki kwafi, ya koma da abinsa a ranar. Muna fatan mujallar baɗi ta fito da fuskokin nan, kowace da sunanta a ƙasa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa iyayenmu da ke raye lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.